Mai Amsawa a Cikin Bututu

Panevėžys, farkon sanyi

Maƙwabciyata Danguolė,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwoyin sun yi sauƙi. Tunda kin daina saukowa taro, ga inda aka kwana. Ana so a lulluɓe benenmu da rigar sanyi daga waje, a cire tsofaffin bututan ruwan zafi masu ɗumama ɗakuna, a kafa injin da ke jawo ɗumi daga ƙarƙashin ƙasa. Masu gida sun rabu biyu cif, saura ƙuri'arki. Bangon ɗakin jikata ya yi baƙi da danshi, tarinta ya ƙi tafiya. Ki taimaka ki sa hannu a takardar amincewa.

Naki,
Zigmas na ƙasanki

Zigmas,

Ina amsawa. Har da kai? Tun rasuwar mijina, kowace safiya in na ƙwanƙwasa bututun nan da cokali sai ka amsa daga ƙasa, ƙwas, ƙwas. Da shi nake sanin gari ya waye da ni a ciki. Da bazara kana gona, sai shiru, ban taɓa ƙorafi ba. Jiya na yi mafarki benen ya saki ƙasa yana yawo a kan dusar ƙanƙara, tagogi duk da haske, kowa na barci, mu biyu kaɗai muna hira ta ƙarfe. Injin naku ya iya gaisuwa?

Ka huta lafiya,
Danguolė

Maƙwabciyata,

Ina sake gaishe ki. Na daɗe riƙe da alƙalami. Kunnena ya mutu tun ina aikin masaƙa, ko tukunya kika jefo ba zan ji ba. Iska ce ta maƙale a bututun, ruwan zafi na tasowa sai ya kama bugu. Da bazara kuwa ina nan, ɗumin ake kashewa. Na so in ce ni ne don in lallashe ki, na kasa. Amma tun da wasiƙarki ta zo nake dafa bututun da tafin hannu da safe. Yau na ji ki. Ashe hannunki da nauyi.

Da girmamawa,
Zigmas

Tsohon kurma,

Ashe da iska nake ta gaisawa! Na yi kuka, na yi dariya, har shayi ya huce. Zan sa hannu, amma ba zan aiko ba. Ka hawo da ƙafarka ka karɓa. Ka zo da yarinyar ta yi sanyin bana a wurina, ɗakina ya fi bushewa, kuma gado ɗaya ya daɗe ba kowa.

Sai kun iso,
D.