A Fito Da Kalangun Baba

Zuwa ga ƙanena Alhaji Djibrilla, a Tasawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Hajiya Kouloussoum da yara da jikoki. Allah ya ƙara maka sauƙin idon nan, ya sa daminarku ta yi albarka. Mu nan Greensboro ta Amurka lafiya lau, in ka cire gwiwata da ta ƙi jin maganin likitocinsu. 'Yata Aïchatou ce ke rubutawa ina faɗa, tunda kai aka kai lakwal ka yi boko, ba ni ba. Na ce mata ta sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ta yi mata kwalliya.

Na san labari ya riga ni isowa. Jikata Dalila, 'yar Aïchatou, tana cikin gasar waƙar nan ta ƙasashe da ake yi a Abijan ana nunawa a tele. Ranar Asabar wajen la'asar falonmu ya cika, takalma har kan matakala. Martha maƙwabciyarmu, mutumiyar Jos, shagon kitsonta ta rufe ta zo da matan cocinsu. Wanda ya fara fitowa a telen wani ne mai hayaƙi da fitilu, yana ta tsalle, na ce wannan motsa jiki ya zo yi. Sai ga Dalila ita kaɗai, kalangu a hammata. Kafin ta taɓa fata ta yi abin da ake yi, ta ambaci mai kiɗin. Ta ce da Hausa, ta maimaita da Faransanci, wannan kiɗan mahautan kasuwar Tasawa ne, na kakan mahaifiyarta, Zabeirou Mai Kalangu. Djibrilla, sunan ubanmu ke nan, a gaban duniya, da sana'arsa a haɗe.

Da ta matse tsarkiya ta saki taken da Baba ke yi in an yanka sa mai kitse, ban san lokacin da na miƙe ba, gwiwar ma ta manta tana ciwo. Na zaro takardar dala na liƙa mata a goshi jikin gilashin telen. Falo ya ɗauki surutu, wai na rufe mata fuska, Martha tana cewa Baba ka matsa mana mu gani. Ban matsa ba sai da takardar ta zauna daram. Ni da na taso ina bin Baba ina tsince masa abin da aka liƙa, ban taɓa yi wa kowa liƙi ba sai ranar, kuma ba mai gaya mini inda zan liƙa shi. Dalila ta wuce zuwa zagayen ƙarshe, su biyar suka rage.

To ga abin da ya sa na rubuto. Ɗaya daga cikin alƙalan, wata mai farin gashi, ta ce hannun yarinyar ya fi ƙarfin gangarta. Na ji haushi, amma gaskiya ta faɗa. A shagon wani ɗan Gana na saye ta a titin Gate City Boulevard, irin ta ratayewa a bango ce, muryarta kamar mai mura. Da ita na koya mata tun tana shekara tara, a ɗakin wanki, saboda maƙwabta na sama suna buga mana ƙasa da sanda. Ba za ta ci da wannan ba. Kalangun da zai yi yana cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonka.

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana ciki. Baba ya rasu ina Kumasi, kafin in iso ka kulle kalangun. Ban manta ba kuma ranar da aka je nema maka aure, kana sabon ma'aikacin gwamnati, ka ce wa surukanka Baba fataucin fatu yake yi, alhali yana zaune yana ji. Kalangun nan shi ya saya maka littafin da ka karanta. Sau biyu na tambaye ka shi ta waya, ka ce layi ba kyau.

Na san me za ka ce, mace ba ta kiɗan kalangu. 'Ya'yanka maza shida, wa ya taɓa tambayar inda yake? Nawa mazan ma ƙwallo suka zaɓa. Ita ce ta zauna hannunta ya yi kanta. An ba 'yan gasar hutun mako biyu, za ta sauka Yamai ranar Laraba, ta shigo bas zuwa gare ku. Ka buɗe akwatin tun kafin ta iso, a kai wa mai gyara ya duba fatar, in ta mutu a sake, amma kada a taɓa icen. Hausarta tana ɗan karkacewa, kada a yi mata dariya. Kuma da hannunka za ka miƙa mata, ba aike ba.

Ka gaida Hajiya Kouloussoum, ka gaida Kader da iyalinsa, da Kaltouma, da duk wanda ya rage cikin tsofaffin mahauta. Aïchatou na gaishe ku, ta ce in sassauta, na ce ta rubuta.

Ni ne babba, ka sani, kayan ubanmu ne, bai kamata a ce sai na roƙa ba. Amma in roƙon kake jira shekarun nan duka, to ga shi, na roƙe ka.

Yayanka,
Ɗantala