Ƙugun Babanka Ba Na Gwaji Ba Ne

Ƙarfi, ta Malumfashi
9 ga Yuni, 1987

Enoch ɗana,

Kada ka karanta wannan wasiƙa a tsaye kamar yadda ka saba. Nemi wuri ka zauna. Bayan haka, ina gaishe ka. Yaya sanyin Ingila, yaya karatun likitan haƙori? Mu muna lafiya, an gama shuka.

Jiya ina kakkaɓe Littafi Mai Tsarki na babanka sai takarda ta faɗo, da rubutun hannunka. Ashe kusan wata biyu kuna aika wa juna wasiƙu ta shagon Mudi tela. Na ga zanen bakinsa da ka yi a ciki. Ka ce ƙashin dasashinsa na sama ya sirance, ba zai riƙe ƙusa ba, don haka za a yanko ƙashi daga ƙugunsa a ƙara kauri, a jira wata shida ya kama, sannan a kafa ƙusoshin ƙarfe a dasa haƙora.

Da wannan ƙugun yake bin shanun huɗa. Mutum nawa ka yi wa haka? Na yi makaranta, na san ɗalibi ba ya samun takardar shaida sai ya nuna aiki. In bakin gwaji kake nema, ba na ubanka ba. Da abin alheri ne, da ba a bi da shi ta shagon tela ba.

Mahaifiyarka,
Rahab

28 ga Yuli, 1987

Enoch,

Ina fatan kana lafiya, murar ta sake ka. Amsarka ta iso, tare da wasiƙar babanka ta farko da ka haɗo. Na yarda shi ya roƙe ka, kuma malaminka ne zai riƙe wuƙa.

Ya rubuta maka cewa ran Ista haƙoran robarsa suka zame yana karanta nassi a majami'a, yara suka yi dariya, ni kuma na hana shi sake karatu. Gaskiya ne. Mutuncinsa nake karewa. Abin da ban sani ba, tun ranar yake kai tuwonsa bayan rumbu don kada in ga bakinsa. Ni kuwa har aljihunsa na shinshina, ina zargin taba ya koma.

Malamin naka dai ban amince da shi ba tukuna. Aiko mini hoton wanda ya yi wa aikin shekara biyu da suka wuce, tsaye da ƙafafunsa, yana gaigayar masara. Kafin nan, ba mai taɓa ƙugun nan.

Ran Lahadi babanka ya yi karatu. Na zauna a bencin gaba. Haƙoran sun motsa sau ɗaya, na waiga na dubi yaran, ko tari ba wanda ya yi.

Ƙanwarka Jane tana gaishe ka. Ubangiji ya tsare.

Mahaifiyarka,
Rahab

Na riga na faɗa wa babanka, kai ma ka ji: daga yau kowace wasiƙa a tsakar gida za a buɗe ta, kuma ba wanda zai ƙara cin tuwo a bayan rumbu, da haƙora ko babu.