Surukata Ta Ga Marigayi Yana Waƙa

Kaka Umeno, don girman Allah ki taimake ni kafin Lahadi ta sama, kaina ya kulle.

Mijina Mitsugu ya rasu, bana za a yi masa addu'ar shekara ta bakwai. Idan kina cikin masu sauraron kiɗan rok a da, shi ne mawaƙin ƙungiyar Karnukan Tasha, mai dogon gashin nan. Su huɗu ne, kuma sun ajiye jita da ganga tun kafin ciwon ya kama shi. Bara wani kamfani ya zo ya ce zai tayar da su da haske: kwamfuta ta zana su yadda suke suna samari, a haska su a kan dandamali a Fukuoka, su yi tsalle su yi waƙa, mutane su sayi tikiti. Sauran ukun suka yarda, ni ma na yarda. Na ɗauka abin zai tsaya can Fukuoka, ban san zai biyo ni garinmu Moji har cikin falo ba.

Mahaifiyarsa, Mama Chiyono, tana hannuna. Ta haura casa'in, ruɗewar tsufa ta fara taɓa ta. Wata rana ta san komai, har ta kushe gishirin miyata, wata rana ta tambaye ni 'yar gidan wane ce ni. Abu ɗaya ne bai taɓa kuɓuce mata ba: kullum da safe ita ke ɗibar shinkafar farko ta kai bagaden gida, ta kunna turare gaban hotonsa, ta kaɗa 'yar ƙararrawa.

Watan jiya muna cin abincin rana aka nuno tallar wasan a talabijin. Ga Mitsugu, ɗan shekara talatin, yana nuna 'yan kallo da yatsa. Mama ta ajiye tsinkayen cin abincinta ta ce, "Kin gan shi ko? Ɗan banza, yana nan Fukuoka bai ko leƙo mu ba. Dubi gashin, har yau bai aske ba."

Washegari ta cire hoton daga bagade. Ta ce mugun fata ne a kunna wa mai rai turare, ta wanke ni tas, wai wace irin matar aure ce ni. Yanzu tire take shirya masa a teburi, irin wanda ake ajiye wa matafiyi don kada ya kwana da yunwa a inda yake: shinkafa, miyar miso, da gasasshen kifi. Abin da ya fi ɗaure mini kai kuma, ta warware. Tana cin abinci sosai, tana 'yan waƙe-waƙe, har ta sa na kai ta an gyara mata gashi. Rabona da in ji dariyarta tun yana da rai.

Sai Yaya Fusako, yayarsa, ta zo ta tarar da bagade babu hoto. Ta ce na sayar da ƙaninta ga masu majigi, yanzu kuma ina wasa da hankalin uwarsu. Ta ce ranar Lahadin da za a yi addu'ar, dangi za su taru a gidan nan, malamin haikali zai zo ya yi karatu, in ban faɗa wa Mama gaskiya kafin nan ba, ita za ta faɗa mata a gaban kowa. Ban ce ba ta da hujja ba. Amma ba ta nan ranar da aka fara sanar da Mama rasuwar. Ni na ɗaga ta daga ƙasa, ni na yi jinyarta a asibiti. Likita ya ce zuciyarta ba ta da sauran ƙarfin ɗaukar irin wannan.

Ga shi kuma Mama ta kafe sai na kai ta wajen wasan, ta miƙa masa dunƙulen shinkafa da hannunta. Shekaranjiya ina shanya mai sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa ya bugo mini waya. Na same ta tsaye da ƙunshi a ƙirji, da silifas ɗin cikin gida a ƙafa.

Ni kaina ban taɓa zuwa kallon ba, ba zan iya ba. Jaridu suna ta gardama wai ƙungiyar ta dawo aiki ko ba ta dawo ba, ni kuwa a gidana gardamar ta zama ta rai da mutuwa. In kashe mata ɗa karo na biyu? In kai ta ta gan shi? Ko in naɗe hannu in bar Fusako ta yi abin da ta ce?

Matar Mai Dogon Gashi, daga Moji

*

'Yar nan,

Wai "idan ina cikin masu sauraro." Ni da na yar da takalmi ɗaya a wasansu na Kokura, na dawo gida ina ɗingishi, maigidana ya yi ta kumbure-kumbure har ƙarshen wata? Mijin nan naki ƙwace mini shi kika yi, na dai yafe.

Na je na ga abin na Fukuoka, jikata ce ta ja ni. Karatuna bai yi nisa ba, kada ki tambaye ni yadda ake haɗa shi, amma ga abin da idona ya gani. Mitsugu na gaske yakan manta baiti ya juya ya harari mai ganga, guminsa kuwa har 'yan layin gaba yake samu. Wannan ba ya gumi, ba ya mantuwa. Na ɗaga masa hannu har kafaɗata ta yi ƙara, na ƙwala masa kira da muryar da na tsufa ina tallar kifi da ita, ko waiwaye. Waƙoƙin suna aiki, kamfani yana aiki, amma Karnukan Tasha sun yi ritaya, ɗayansu kuma ya rasu.

Don haka kada ki kai ta. Uwa ta kira ɗanta da ƙunshi a hannu, ya dubi inda take ya wuce? Mutuwa ba laifin ɗa ba ce, uwa tana iya yafe ta. Amma ya share ta a bainar jama'a, wannan da shi za ta kwana har ƙarshen ranta.

Fusako kuma kada ki mai da ita dodo. Ƙaninta ne, addu'ar haƙƙinsa ce, kuma duk wanda ya shiga gidansu ya ga bagade wayam sai gabansa ya faɗi. Wasu da hawaye suke kuka, wasu da masifa. Inda ta kauce shi ne "a gaban kowa". Ki ja ta ku je wajen likitan tare ta ji da kunnenta. Sannan ki yi mata tambaya ɗaya, ba da faɗa ba: in an faɗa wa Mama ranar Lahadi ta manta ranar Talata, wa zai sake faɗa mata ranar Laraba?

Gobe ki je wajen malamin haikali ki roƙe shi a mayar da addu'ar can haikalin. Ku tafi da hoton, dangi su taru, a kunna turare har ya ishi Fusako, wata maƙwabciya ta zauna da Mama. Sun saba, ba a gidanki aka fara tsufa ba.

Tiren kuma ki bar mata abinta. A ƙauyenmu haka ake ajiye wa wanda ya fita teku. In jirgi bai dawo ba, ana ci gaba da ajiyewa, ban kuma taɓa ganin wanda ya tsaya ya ce yau tiren ya tashi daga na mai rai ya koma na mamaci ba. Wannan ba ƙarya ba ce. Ƙarya ita ce ki fara cewa ya bugo waya, ko yana tafe jibi. Kada ki soma. In ta matsa, ki ce, "Ba zai samu zuwa ba, Mama." Turarensa ki riƙa kunna masa a ɗakinki.

Ki rataya ƙararrawa a ƙofar waje, ki sanar da maƙwabta da mutumin tashar. Dunƙulen shinkafar kuwa, ki kira Genzo mai gangarsu, na ji yana ƙetaren ruwa yana noman tumatir, kansa tal kamar ƙwai. Ya zo ya karɓa, ya zauna ya ba ta labarin shaƙiyancin ɗanta. Abin da take nema ke nan, wanda za ta yi hirarsa da shi. Tunda ya yarda a mai da shi saurayi a Fukuoka, ya zo ya biya da ƙafarsa.

Saura guda. Wata rana hankalinta zai dawo sarai, ta dube ki cikin ido ta ce, "Ya mutu, ko?" Ranar kada ki yi kwana-kwana. Mai yin tambayar haka ta riga ta sani, wanda zai zauna kusa da ita take nema. Ki ce mata e, ki riƙe hannunta, kada ki tashi ko da tukunya na ƙonewa.

Allah ya ƙara miki juriya, ya sassauta wa tsohuwa, ya sanyaya zuciyar Fusako. Ke ma ki daure ki riƙa cin abinci, 'yar nan.

Kakarki,
Umeno