Gadar Kanal da Tsofaffinmu

Ƙawata Keziah,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya karatu a Tsanyawa?

An buɗe gadar da aka gina a kan tsohon kanal ɗinmu. Motar kasuwa har ƙofar gidanku take zuwa yanzu, mata ma sun fara shanya barkono a gefen titin. Sai dai ma'aikata sun ɗauke gungumen giginyar da muke takawa mu haye ruwan, sun cike wurin da siminti. Kin san nan kakana Sabo da kakanki Shago suke zama kowace safiya, kowa a tsallakensa, suna yi wa juna tsiya. Tun daga ranar ba su ga juna ba.

Na tambayi Kaka dalili. Ya ce ƙarami ne yake zuwa gaida babba, kuma lokacin da suka haƙa kanal ɗin shi da gemunsa, Shago ko kwandon ƙasa bai iya ɗauka ba.

Ki huta lafiya.
Taki, Zakiyya.

Zakiyya sarkin kunya,

Gaisuwa da kewa. Na yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Mama ta zo ranar ziyara, ta ce Kaka Shago yana kwance, ko kunu ba ya sha. An ce a kira masa Sabo, ya ce a bar yaron ya zo da kansa, ai shi Shago ne ya goya shi.

Don Allah ki daure ki gaya wa Kakanki. Ban da sunkuyar da kai.

Keziah.

Ƙawata,

Ina gaisuwa. Na gaya masa, amma kaina a sunkuye, ki yafe ni. Da gari ya waye ya saka rigarsa ta Juma'a, ya ce in ɗauko ƙwaryar fura. A tsakiyar gada ya tsaya ya daɗe yana kallon ruwa.

Da muka shiga ɗakin Kakanki, sai ya durƙusa a bakin tabarma ya ce, "Sannu da jiki, Yaya."

Kakanki ya zuba masa ido, ya yunƙura ya zauna. "Wa ya ce maka mutuwa zan yi? Tashi ka koma gida, ban karɓa ba. Ni zan zo."

Ya kore mu, amma ya ce a ajiye furar.

Allah ya ba shi lafiya.
Zakiyya.

Keziah,

Sannu da karatu. Jiya Kakanki ya haye gadar da sandarsa, yana tafiya yana hutawa. A zaurenmu ya durƙusa wa Kaka, Kaka ma ya durƙusa masa. Har aka kira azahar kowa yana rantsuwa shi ne ƙarami. Sai da Baba ya zo ya ɗaga su.

Taki kullum,
Zakiyya.