Ranar da Kwamfutar Baba Ta Mutu

Yayana,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kana lafiya kai da Anti da yara, aiki kuma yana tafiya daidai. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Baba da ke motsawa jefi-jefi. Mama tana nan a kan keken ɗinkinta kamar yadda ka san ta.

Ka ga yau na koma biro da takarda kamar 'yar firamare, kuma kai ka ja. Na kira ka har wayata ta gaji ba ka ɗauka, saƙonnina ma ba ka buɗewa. To, takarda dai ba ta da maɓallin kashewa, Anti kuma ta yi mini alkawarin za ta ajiye maka ita a kan filo.

Ita ce ta gaya mini abin da ya faru. Ta ce kuna cikin wasanku na tuƙin tirela a intanet kai da Baba, kuka tsaya a gidan mai na cikin wasan, sai ka yi ta maza ka rubuta masa cewa kai ne. Ta ce ba a jima ba motarsa ta ɓace daga allo, ka ture kujera ka miƙe kana cewa shi ke nan, ya sake korar ka.

Yaya, wallahi ba haka ba ne. Kwamfutar ce ta mutu.

Ka san ba zan rufe ka ba. Ni ce na ɗauki ƙaryarka a kaina lokacin da ka aiko da kwamfutar da sitiyarinta, na ce wa Baba mijina ne ya saya masa. Ni ce na koya masa shiga, ni ce na haɗa shi da kai a matsayin wani baƙo. Tun ranar da ka kifar masa da tirela, ya faɗi a gaban mutanen gareji cewa har abada ba za ka zama direba ba, ka tattara kayanka ka tafi, ban ƙara ganin Baba yana ɗokin wani abu ba sai wannan wasan. Da la'asar ta yi zai sa hularsa kamar mai shirin fita, ya zauna ya gyara kujera. Mai jar mota yake ce maka. Rannan har kira na ya yi in zo in ga yadda kake shan kwana da kaya, yana cewa, "Kin ga direba nan. Wannan a hannun manya ya koya." Na ruga kicin don kada dariya da kuka su tona ni.

Amma kwamfutar ta daɗe tana wannan iskancin, kai ma shaida ne. Sau nawa kuna tafe motarsa ta ɓace, daga baya ya dawo yana ba ka haƙuri? Muddin wasiƙa ake bugawa ko ana kallon hotunan jikoki, lafiyarta ƙalau. Da an shiga wasan an yi nisa, sai hoto ya fara tsalle, ƙarar injin ta maƙale wuri ɗaya, allo ya yi baƙi ƙirin. Da farko na ɗora wa netwok laifi, na canza masa layi. Sai na ce wuta ce, na sa sitabilaiza. Duk a banza.

Washegarin ranar da abin ya faru na je gidan da sassafe. Mama ta ce tun jiya bai ci abin kirki ba, ya daɗe zaune a gaban allon ba komai a kai. Ban tsaya wata-wata ba na fara zare wayoyi. Mama ta cire mata rigar nan da ta ɗinka mata, ta ce bari ta wanke kafin a dawo da ita. Ka san Mama, ko rimot ta gani tsirara sai ta auna shi. Baba ya fito yana ɗingishi, ya ce, "Ina za ki kai ta? Bar ta mana." Na ce masa asibiti za ta, shi ma da ya ji ciwo ai asibiti muke kai shi. Yanzu tana shagon Injiniya, mai gyaran kwamfutocin wurin aikinmu.

Ka yi haƙuri ka ci gaba da leƙawa. Da ta dawo zai shigo, ka sake rubuta masa. Ka gaishe da Anti, ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jikin ƙaramin naku? Anti ta ce ya yi zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi. Ta kuma ce ka karanta takardata, kuma kullum da la'asar kana shiga wasan ka duba. Na ji daɗin wannan fiye da yadda zan iya rubutawa.

Kwamfutar nan ta zame mini ɗan zane, Yaya. A shagon Injiniya ta koma ta kirki. Ya ɗora ta a kan teburinsa a tsakanin matattun firintoci, ya kunna wasan tun safe har ya tashi, masu jiran gyara suna karɓa-karɓa da tuƙin, ko tari ba ta yi ba. Har ya fara yi mini kallon mai ƙirƙirar ciwo. Na dage, sai ya zare abin da suke kira ram ya goge bakinsa, ya mayar. Ya sabunta manhajar katin hoto. Ya rage ƙyallin wasan, har bishiyoyin bakin hanya suka koma kamar zanen yara. Ya ce in kai ta gida, ta warke.

Na kai ta ranar da Baba ya je ganin likitan ƙafa. Mama ta yi mata sannu da zuwa, ta sa mata rigarta wankakkiya har da guga. Na ce bari in gwada da kaina kafin ya dawo. Ka san tuƙina, na buge shinge na hau kan ciyawa, amma dai na yi nisa. Ina cikin hawan wani tudu sai hoto ya ƙame, allo ya mutu. Na zauna ina kallon fuskata a cikin gilashin kamar in rusa ihu. Nan take na sake naɗe wayoyi na mayar da ita shago kafin Baba ya iso. Na ce ba zan bari ta sake yanke muku magana a tsakiya ba.

Wannan karon Injiniya ya canza akwatin wutarta, sannan ya ce a yi mata fomatin a zuba komai sabo. Na kwashe hotunan Mama a filas ɗin ajiyar bayanai na ce ya yi. Sauke wasan kaɗai sai da ya ci kwanaki saboda rashin ƙarfin intanet ɗin shagon.

Baba kuwa ya zama wani iri. Teburin na nan a kusurwar falo, sitiyarin a ɗaure a jikinsa, wayarsa na reto. Da la'asar sai ya zauna a wurin ya ɗora hannu a kai. Kullum na shigo, kafin in ajiye jaka zai ce, "Yau ma babu?" Shekaranjiya ya tambaye ni ko ba za a iya kawo ta ba ko na yini ɗaya, da ciwon nata haka nan. Na ce a'a, gyaran rabi da rabi ne ya kawo mu nan. Ya sake tambaya ko ana iya aika wa mutum saƙo a cikin wasan ta waya. Na ce ba a yi. Na tsokane shi na ce tsoho da shi ya kamu da wasan yara. Bai yi dariya ba, ya tashi ya shiga ɗaki.

Ka ƙara haƙuri kaɗan. So nake in ta dawo ta dawo ke nan. Mijina yana gaishe ka, ya ce har yanzu yana cin godiyar kwamfutar da bai saya ba.

Taka,
Auta

*

Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Anti da yara. Ina fata wannan takarda za ta same ku lafiya. Ni kam ban san ta inda zan fara ba.

Na gano ciwon kwamfutar. Da na dawo da ita karo na biyu, Mama ta sake sa mata riga, na kunna wasan na zauna. Da ta fara tsallen nan nata sai na miƙa hannu baya don in taɓa waya, na ji kamar na taɓa dutsen guga. Rigar ce, Yaya. Mama ta ɗinka ta da yadi mai kauri har da shafi a ciki, ta rufe gaba da baya, ta toshe duk ƙofofin da fanka ke fitar da zafi. Wasan ne ke sa ta aiki sosai, ta yi zafi, ta kashe kanta don kada ta ƙone. A shago kuwa tsirara take zuwa. Na cire rigar, na yi ta tuƙi har hannuna ya gaji, ƙalau. Duk canje-canjen da muka yi, babu wanda ake bukata. Mama ta ce ita ƙura take kare mata, ta naɗe rigar ta fita da ita tana share ido. Ban ga laifinta ba, ni ce kullum nake kallon rigar ina yaba ɗinkin.

Na kira Baba da murnata. Ya zo da sauri har ya manta sandarsa. Ya shiga, ya buɗe wurin abokan tafiya, ya duba sama ya duba ƙasa. Sunanka babu. Ya ce ko gyaran ne ya goge shi. Na fita tsakar gida na kira Anti, ta ce ka jira ka gaji, ka ce mutum ba ya makonni yana gyaran kwamfuta, Auta tana rufa wa Baba asiri ne kawai. Ta ce ka goge sunanka ka cire wasan, sitiyarin ma ka ba ɗan maƙwabta.

Na koma na tarar da Baba yadda na bar shi. Na fara kame-kame, ina cewa wataƙila mai jar mota ya yi tafiya. Ya ce in zauna. Ya ce, "Auta, daina wahalar da kanki. Na san yayanki ne."

Ya ce tun satin farko ya gane. Wai babu wanda ke taɓa birki sau biyu kafin gangara ya kuma kunna sigina ko babu kowa a hanya sai wanda ya yi karen mota a hannunsa. Ya yi shiru ne saboda yana tsoron in ya yi magana za ka gudu. Yabon da yake yi a gabana kuwa, ya san zai iso gare ka.

Sai kuma ya faɗi abin da ya sa nake rubuta wannan takarda. Ranar nan kwamfutar ba ta mutu ba. Shi ya kashe ta. Ya ce da ya ga rubutunka sai idonsa ya cika da ƙwalla, ya ɗora yatsa a kan harufa ya rasa wanne zai fara dannawa. Ga shi Mama na shigowa, shi kuma bai taɓa kuka a gabanta ba. Sai ya danna maɓallin, da niyyar ya wanke fuska ya dawo. Da ya kunna ka riga ka fita. Ya kwana yana shirya abin da zai ce maka washegari da la'asar. Da safe sai ga ni da jakata da iyayina.

Na ce, Baba me ya sa ba ka gaya mini ba? Ya ce, "Na ce miki ki bar ta." Haka ne, ya faɗa. Ya roƙe ni yini ɗaya ma na hana shi. Ban taɓa zama na tambaye shi abin da ya faru ba, na yanke hukunci na kama zare wayoyi. Na rantse maka da Allah a kan abin da ban gani ba. Kana can kana leƙawa kullum, yana nan yana riƙe da sitiyari, ni kuma ina shago ina jayayya a kan ram. Raina ya ɓaci da kaina ƙwarai, Yaya, kuma ban san yadda zan gyara wannan ba.

Na ce ya kira ka a waya, ga lambarka. Ya ce in ya ji muryarka bakinsa zai sake yin abin da ya yi a gareji, shi ya san halinsa. A can ne kawai ya iya zama kusa da kai bai ɓata ba. Na tambaye shi me ya shirya zai rubuta, in rubuta maka a nan. Ya ce ba saƙon aike ba ne.

Bai san ina rubuto maka wannan ba, kuma ba zan ce ka yi kaza ba, na yi shisshigi ya ishe ni. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa maka. Kullum da la'asar yana shiga. Ba ya ɗaukar kaya, ba ya bin kowa. Yakan ja motar zuwa gefen hanya ya tsaya, ya bar injin a kunne, motocin mutane suna wucewa yana bin kowace da kallo har a kira magariba. Jiya na ce masa, Baba, har yaushe za ka yi ta wannan zaman? Bai juyo ba. Ya ce, "Ni na kashe masa. Ni zan jira."

Ka yafe mini. Ka gaishe da Anti da yara.

Ƙanwarka,
Auta