Farin Layin Baba

Litinin, 8 ga Mayu

Jikata Tuihana ta dawo daga makaranta da koru, zanen nan namu mai murɗewa kamar sabon toho, na taliya. Taliya! An manna ta a kwali an murɗa, an fesa mata ruwan zinare. Wai sabuwar malamarsu, wata Malama Sutcliffe daga Auckland, ita ke koya musu zanen kakanninmu. Abinci a kan zanen kakanni. Da Baba, mahaifina, na raye da tsaki kawai zai ja ya fice.

Na ce, "Ajiye can, ranar da muka rasa na miya mu dafa." Ba ta yi dariya ba.

Laraba, 10 ga Mayu

Yau zanen mangopare, kifin nan mai kan guduma. An raba musu takarda, a ƙasa an rubuta "ƙarfi". Shi ke nan fa. Shekara bakwai Baba ya yi yana zana azarar ɗakin taronmu, ita malamar ta gama da shi kafin a tashi tara.

Alhamis, 11 ga Mayu

Malamar ta aiko da wasiƙa, wai tana gayyatar dattawa su zo aji. Ni? A makarantar nan aka tsula min bulala ina 'yar shekara shida don na nemi izinin fita da harshenmu. Yanzu kuma kayanmu suke so su ƙawata bango. Na hura wuta da takardar, ta ci sosai.

Lahadi, 14 ga Mayu

Bayan taro, muna cikin ɗakin taron, Tuihana ta nuna min sabon zanenta. Ta cike ko'ina da ja da baƙi, ko tsinke ba ta bari ba.

Na ce, "Ina farin layin?"

"Wane layi, Kaka?"

Na ɗaga mata kai ta dubi azara. Farin layin da ya ratsa tsakiya shi ne zuciyar zanen. Kowane koru daga jikinsa yake tohowa, kuma kowanne mutum ne mai suna. Ba a yanke shi, ba a cike shi. Na ce, "Ko wannan malamar taku ba ta sani ba? Me ake biyanta take yi?"

Sai cewa ta yi, "Ita dai abin da ta sani take koya mana. Ke da kika sani, me kika koya min?"

'Yar shekara tara. Bakin uwarta sak. Uwar tana can Perth, ita ma ban koya mata komai ba. Ya yi min ciwo.

Talata, 16 ga Mayu

Na ɗauko burushin Baba. Layi uku na ja, duka sun karye, hannun rawa yake yi. Kuma duk garin nan ba wanda ya rage da ya san sunayen da ke kan azarar sai ni.

Laraba, 17 ga Mayu

Ruwa tun safe. Tuihana ba ta kawo takardar komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Juma'a, 19 ga Mayu

Tuihana ta manta rigar sanyinta, abin da ya kai ni makarantar ke nan, ba wani abu ba.

Malamar ashe yarinya ce. Na sa aka fitar da taliyar da kwanukan abincin yara waje. Kunnuwanta suka yi ja, ta ce, "Ban sani ba, Mama. Sau uku ina aikawa a zo a nuna min, ba wanda ya zo."

Na ɗauki burushi a gaban yara duka, hannu ya soma halinsa. Sai Tuihana ta zare shi daga yatsuna. "Ke faɗi sunayen, Kaka, ni zan ja."

Na faɗa. Tun daga kakanmu na farko da ya sauko daga jirgin ruwa har zuwa Baba, a cikin ajin nan, da harshenmu, da ƙarfi. Layinta a karkace yake, koru ɗin kamar kunnen tulu, amma bai yanke ba har ƙarshen takarda. Da na yi shiru ta ƙara koru guda a ƙasa. Na ce babu wannan. Ta ce, "Ke ce."

Malama ta tambaya ko zan dawo Juma'a mai zuwa. Na ce ina da aikin yi.

Ban yi wa kowa alkawari ba. Sai dai yarinyar nan akwai mantuwa, ga sanyin ƙasar nan yanzu ya fara.