Na Roƙa wa Bahinde Rahama a Harami

Malama Kabira, ki taimake ni, bakina ya jawo wa jikata masifa. Ni tsohuwa ce a unguwar Tandabawi, nan ƙasa mai tsarki, mijina ya rasu tuni, karatuna bai wuce na salla ba. Maƙwabciyata ke rubuta min wannan.

Jikata Manar ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, jami'ar nan ba ta ɗaukarta, sai take karatu daga gida ta jawwal, wayar hannu ke nan. An ba ta aiki kan wani malamin Hindu na zamanin da, sunansa ya fi ƙarfin harshena. Ina tsintar shinkafa tana karantawa, tana juya min da Hausarta mai rabin Larabci. Wai ya rubuta cewa Mahalicci ɗaya ne, gunki ba ya ji. Wai a wasu gidajen garinsu in miji ya mutu, har matar ake sawa a wuta, shi kuma ya tsaya ya ce a daina, danginsa suka juya masa baya. Ni da na yi takaba na san yadda ake kallon mace in miji ya tafi. Mutumin ya shiga raina, ba zan ɓoye ba.

Ranar Juma'a ina Harami ina jero mamatana, iyayena, mijina, sai na ji na sa Bahinden nan a ciki, Allah ya jiƙansa. Na dawo gida, don rashin wayo, na ba da labari ana cin abinci. Ɗana Mudassir, uban yarinyar, ya ajiye cokali. Ya ce in littafi ya kai uwarsa ga haka, ina ga yarinya. Ya karɓe jawwal ɗin, ya ce karatu halas, wato ya ƙare ke nan. Jarabawa kuma ta kusa. Manar tana dai kawo min shayi idonta a kumbure. Na yi saɓo ne? Kuma yaya zan yi da yarinyar nan?

Tsohuwa daga Tandabawi

Hajiya, sannu da ɗawainiya. Malamai sun ce ba a nema wa wanda ya mutu ba a kan Musulunci ba gafara, lamarinsa na wurin Allah. Ki yi istigfari, ki wuce wurin, tunda ba da gangan kika yi ba. Amma yaba wa mutum don ya tsaya wa zawarawa ba laifi ba ne, kada ki ƙara wa kanki nauyi.

Mudassir tsoro ya ji, kuma uba yana da hakkin ya san abin da 'yarsa ke karantawa. Sai dai ya hukunta wadda ba ta yi komai ba. Ki kira shi ku biyu kawai, ki faɗa masa harshenki ne ya zame, ba imanin Manar ba. Ki nemi ɗaya daga ɗaliban ilimin nan da yake girmamawa, ya duba aikin tare da shi. Ki yi haka cikin makon nan, kafin jarabawa ta wuce. Manar kuma ki ba ta haƙuri da bakinki, girmanki ba zai ragu ba.

Allah ya daidaita gidanku, ya ba ta sa'a.